Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Ɗalibi Mai Lamba 87 a Kwalejin Katsina

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin mutumin da babu gidan da ba a san sunansa ba a ƙasar Arewa, wato marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Yawancinmu mun san shi a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, mai rawani da alkyabba, wanda hotonsa yake jikin takardar naira 200. Kaɗan ne suke tunawa cewa kafin wannan duka shi maraya ne, wanda ya taka da ƙafarsa daga Sakkwato har Katsina domin ya shiga wata 'yar ƙaramar kwaleji ta ginin ƙasa, ya fito malamin makaranta. Ta wannan ƙofa za mu shiga labarinsa, gama wanda bai san Kwalejin Katsina ba, da wuya ya gane Sardauna, kuma da wuya ya gane yadda Arewa ta zama yadda muka same ta.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ahmadu a shekarar 1910 a garin Raba, kimanin mil 20 gabas da Sakkwato, shekara bakwai bayan da Turawan Ingila suka ci birnin. Mahaifinsa, Ibrahim, shi ne Sarkin Raba. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gidan sarauta ne da malanta, amma gatan uba bai daɗe masa ba, domin yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu.

Ya fara karatun allo a Raba kamar sauran yaran garin. Da ya kai wajen shekara goma sai aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato. A wancan zamani iyaye da yawa suna gudun makarantar boko, har akan ɓoye yara idan an ji masu ɗaukar ɗalibai sun shigo gari. Turawa kuwa sun fi son 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e, domin su ne ake sa ran za su riƙe mulkin gargajiya nan gaba. A Sakkwato Ahmadu ya koyi karatu da rubutun boko, da lissafi, da Turanci, ya kuwa yi ƙoƙari har aka zaɓe shi ya wuce Katsina a 1926.

Yadda aka kafa kwalejin

Tun zuwan Turawa, Gwamna Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari cewa ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin ƙasashen sarakunan. Nauyin ilimin boko a waɗannan wurare sai ya koma kan gwamnati da En'e. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, daga nan kuma aka yi ta buɗe makarantun lardi. Sai matsala ta taso: ga makarantu, amma babu isassun malamai 'yan ƙasa da za su koyar a cikinsu.

Domin maganin wannan aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Ɗalibai sun fara karatu a 1921, sa'an nan Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance ran 5 ga Maris, 1922. An zaɓi Katsina saboda dalili biyu. Na farko, birni ne da ya shahara da malanta tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tana shaida. Na biyu, jirgin ƙasa bai bi ta can ba, aka ga yara za su yi nesa da hayaniyar garuruwan ciniki. Bugu da ƙari Sarkin Katsina Muhammadu Dikko mutum ne mai son ci gaba, ya karɓi makarantar hannu bibbiyu.

Ƙanƙantar kwalejin abin lura ne. Kowane ɗalibi yana da lamba bisa ga yadda ya shiga rajista, lambar Ahmadu kuwa ita ce 87. Ma'ana, a cikin shekara biyar da fara karatu, daga dukan lardunan Arewa, yara 86 kacal suka riga shi shiga. Wannan bai kai yawan ɗaliban aji biyu na makarantar firamare ta gari a yau ba.

Tafiya da zaman makaranta

Tsakanin Sakkwato da Katsina akwai kimanin mil 170, Ahmadu da 'yan'uwansa ɗalibai kuwa da ƙafa suke yin wannan tafiya, kwana bakwai suna hanya. Mutanen Shinkafi da Zurmi ba sa bukatar a kwatanta musu irin ƙasar da take tsakanin biranen nan biyu, gama ita ce ƙasarmu: fadamu da rafuka da damina, rairayi da ƙishirwa da rani, ga daji mai nisa kafin a ga bayansa a wajen Jibiya. Yaro ɗan shekara goma sha shida da ya ƙetare wannan domin neman ilimi ya riga ya fara darasinsa tun bai ga ƙofar aji ba.

Ginin kwalejin na ƙasa ne, irin na Hausa, mai kaurin bango da rufin soro, yana da sanyi da rana. An raba ɗalibai gida-gida: Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, Hankaka da Illela. Kowane gida yana da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, shi ke lura da tsabta, da kiyaye lokaci, da ladabin na ƙasa da shi. Ana ba kowane ɗalibi ɗan kuɗin guzuri a wata, da shi zai yi wa kansa tattali. Ba a raba su da rigarsu da hularsu ba, ba a kuwa hana su sallarsu da azuminsu ba, domin nufin masu makarantar shi ne yaro ya koma garinsu a karɓe shi kamar ɗan gida.

Da yamma akan fita wasanni. Akwai kurket da ƙwallon ƙafa, akwai kuma wasan fayif, wato ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Malaman Turawa ne suka kawo shi daga manyan makarantun Ingila, ya kuwa sami gindin zama a Arewa fiye da ko'ina a Nijeriya. Ahmadu ya gwanance a wannan wasa har ya zama kyaftin, aka kuma naɗa shi cikin shugabannin ɗalibai. Bai bar fayif ba har bayan ya zama Firimiya, kofin da ake gasa a kansa ma sunansa aka sa masa.

Abin da ake koyarwa

Karatun shekara biyar ne, kuma da Turanci ake yinsa. Ana koyar da harshen Turanci da adabinsa, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa tare da gwaji a gaban yara. Daga cikin Turawan da suka shugabanci kwalejin a waɗannan shekaru akwai Gerald Power. An fi matsa wa ɗalibai a kan furuci: yaro zai tashi ya karanta da ƙarfi, a gyara masa kalma ɗaya sau da yawa har ta zauna a bakinsa. Saboda ƙarancin ɗalibai, malami ya san kowa da sunansa, da lardinsa, da inda yake tuntuɓe. Babu bayan aji da malalaci zai ɓuya. Wannan horo ne ya sa daga baya, da 'yan Katsina suka tsaya a majalisa a Ikko, mutane suka yi mamakin tsabtar Turancinsu.

Ba a bar Larabci da ilimin addinin Musulunci a baya ba. Malam Bello Kagara yana cikin malaman da suka daɗe suna riƙe da wannan fanni a kwalejin. Ta haka ɗalibi yakan fito da ƙafa ɗaya a cikin ilimin kakanninsa, ɗaya kuma a cikin na zamani. Amfanin wannan ya fito fili a 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, akwai na mutanen kwalejin: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu tsofaffin ɗalibai, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara. Makarantar da aka gina domin koyar da Turanci sai ga ta ta zama uwar rubutun zube na Hausa.

Abokan karatu

Babbar dukiyar da Ahmadu ya fito da ita daga Katsina ita ce mutane. Kashim Ibrahim na Barno yana gabansa, Abubakar Imam ya shigo a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci ya shigo a 1928 da lamba 145. Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Sa'adu Zungur, da Musa 'Yar'aduwa, da Yahaya Gusau ɗan wannan yanki namu, duk a wannan tukunya aka dafa su. Kafin kwalejin, Babarbare da Banufe da Bafulatanin Adamawa da Basakkwace ba su da wurin da za su zauna shekara biyar suna ci daga akushi ɗaya. A Katsina suka fara ganin kansu a matsayin mutanen ƙasa guda. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, waɗannan yara su ne suka zama Firayim Minista, da Firimiya, da Gwamna, da ministoci, kowa ya san halin ɗan'uwansa tun daga filin wasa.

Amma dole a faɗi ɗaya gefen. An buɗe kwalejin domin samari Musulmi ne kawai. Babu 'ya mace ko ɗaya a cikinta, yaran Kirista da na masu addinin gargajiya kuwa sai dai su nemi ilimi a makarantun mishan, inda akwai su. Saboda haka zumuncin da ya haɗa shugabannin Arewa na farko ya bar jama'a da yawa a waje, kuma wannan rata ta biyo ƙasar har cikin siyasarta.

Malami, hakimi, da zaman Gusau

Ahmadu ya gama a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar midil har shekara uku. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Raba, kujerar mahaifinsa, yana da shekara 24. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma Allah ya ba ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya lura da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato.

Gusau ta lokacin gari ne mai tasowa. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa ta har ta tsaya a Ƙauran Namoda, gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki suna bi ta nan zuwa bakin teku. Jirgin ya kawo fatake da ma'aikata daga Kudu da sauran wurare, masu harsuna da addinai dabam-dabam. A nan Sardauna ya ga da idonsa cewa akawun tasha, da na kamfani, da na gidan waya, kusan dukansu baƙi ne, domin 'yan ƙasa ba su da takardar da za ta ba su aikin. Wannan abu ya tsaya masa a rai.

A nan kuma ya gamu da jarrabawa mafi tsanani a ƙuruciyarsa. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Matasa 'yan boko da dama sun tsaya masa a wannan shari'a, sunansa kuwa ya bazu har wuraren da ba a taɓa jin labarinsa ba. Daga baya ya koma Sakkwato cikin majalisar Sarkin Musulmi, a 1948 kuma ya tafi Ingila ya yi nazarin mulkin ƙananan hukumomi.

Firimiya mai gina makarantu

A 1949 ya shiga majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya zama minista a 1952, sa'an nan ya zama Firimiya a 1954 a ƙarƙashin Jam'iyyar Mutanen Arewa. Jihar ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris, 1959, ƙasar duka kuma ta sami 'yanci a 1960. Sardauna ya zaɓi ya zauna a Kaduna, abokin karatunsa Tafawa Ɓalewa ya riƙe gwamnatin tarayya a Ikko.

A kujerar mulki, halinsa na tsohon malamin makaranta bai ɓoyu ba. An san shi da kiyaye lokaci, da ƙin aikin ganin-dama, da tambayar matasa inda suka tsaya a karatu. Ya san cewa kwaleji ɗaya mai ɗalibai 'yan kaɗan ba za ta iya ɗaukar nauyin jiha mai miliyoyin mutane ba. Gwamnatinsa ta ci gaba da Yaƙi da Jahilci, wanda ya koya wa manya karatu da rubutu a ƙauyuka. An ƙara makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a larduna, an ƙarfafa Makarantar Koyon Mulki ta Zariya, an tura matasa ƙasashen waje, an kuma yi ta jan hankalin ɗalibai su shiga aikin soja da na gwamnati. Makarantun mishan da suka cika sharuɗɗa suna samun tallafin kuɗi daga gwamnati. Kambin aikin shi ne jami'ar da aka buɗe a Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962, wadda take ɗauke da sunansa, shi ne kuwa uban jami'ar na farko. Shekara 31 ke nan bayan ya bar Katsina da takardar malanta.

Inda aka sami saɓani

Gaskiya ba ta ɓata tarihi. Taken Jihar Arewa shi ne Aiki da Ibada, kuma Kiristoci sun riƙe manyan muƙamai a zamanin Sardauna: Michael Audu Buba da George Ohikere ministoci ne, Sunday Awoniyi yana cikin ma'aikatan da ya amince da su, Dokta Ishaya Audu na Wusasa kuwa likitansa ne. Duk da haka, rangadin musuluntarwa da ya yi daga 1963 zuwa 1965 ya tayar da hankalin Kiristoci da yawa, domin sun ga da wuya talaka ya rarrabe tsakanin kiran mai wa'azi da umarnin mai mulki idan mutum ɗaya ne yake riƙe da duka biyun. 'Yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha wuya a hannun En'e, ƙasar Tibi kuma ta yi tarzoma a 1960 da 1964. Wanda yake son ya koyi darasi daga rayuwar shugaba, sai ya dubi alherinsa da kurakuransa gaba ɗaya, hukunci na ƙarshe kuwa na Allah ne.

Rasuwarsa, da makomar kwalejin

Da asubahin 15 ga Janairu, 1966, sojoji masu juyin mulki suka auka wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan juyin mulki aka kashe Tafawa Ɓalewa. Abin da ya biyo baya, na ramuwar gayya da yaƙin basasa, ya ci rayukan da ba su san hawa ba balle sauka. Harabar gidansa ita ce ta zama Gidan Arewa, cibiyar ajiye tarihi da bincike.

Ita kuwa kwalejin ta riga ta yi ƙaura tun yana raye. A shekarun 1930 an ɗaga darajarta, aka ƙara darussan kimiyya. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma aka sa mata suna Kwalejin Barewa. Ƙofarta ta ƙara buɗewa, har Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga Wusasa, ya shiga a 1950. Shugabannin ƙasar nan biyar sun bi ta cikinta: Tafawa Ɓalewa, da Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Tsohon ginin ƙasa na Katsina an ajiye shi cikin kayan tarihi na ƙasa.

Abin da ya shafe mu

Jama'ar Allah, yau ba sai yaro ya yi kwana bakwai a hanya ba. Tun 1983 akwai kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, akwai makarantu a Shinkafi da Zurmi da Moriki, kuma ƙofarsu a buɗe take ga mace da namiji, Musulmi da Kirista. Amma wani sabon tsoro ya maye gurbin tsohon. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Satumba na wannan shekara kuma aka rufe makarantu a duk faɗin Jihar Zamfara. Iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu, ba kuwa za mu ga laifin uwar da gabanta ke faɗuwa in ɗanta ya fita ba.

Sai dai mu tuna da lamba 87. Kwalejin Katsina ba ta da bene, ba ta da ɗalibai dubu. Abin da take da shi malamai ne da suka san kowane yaro, da horo wanda ba ya sassauci, da zaman tare na yaran da iyayensu ba su san juna ba. Ko makarantar da ke da aji uku a bayan majami'a tana iya samun waɗannan. Idan makarantar ƙauyenku ta rufe, ku nemi ɗan'uwa a gari ya riƙe muku yaron har ya gama. Idan kuna da ɗaki a gari, ku karɓi ɗan wanda ya yi gudun hijira, kada ku tambayi addininsa. Ku biya wa 'ya mace kamar yadda kuke biya wa ɗa namiji. Ku kuma girmama malami, ku taimake shi, domin Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya na farko dukansu da alli a hannu suka fara.

Allah ya kiyaye 'ya'yanmu a hanyar makaranta, ya ba malamansu haƙuri, ya maido mana da salama a ƙasarmu. Amin.